Dennis Ritchie: Mutumin da Ke Bayan Baƙin Allo

'Yan uwana ɗalibai, idan aka ce mu lissafa manyan mutanen duniyar kwamfuta, na san sunayen da za su fara fitowa daga bakinmu: Bill Gates, Steve Jobs, Mark Zuckerberg. Da wuya a samu wanda zai ambaci Dennis Ritchie, har a cikinmu 'yan sashen kimiyyar kwamfuta da muka yi zango guda muna fama da yaren C. Alhali wayar Android da ke aljihunka, da iPhone ɗin da ƙawarki ke taƙama da ita, da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, duk a kan harsashin da shi da abokinsa Ken Thompson suka kafa suke zaune.

Na zaɓi in rubuta tarihinsa a wannan fitowar ne saboda baƙin allon nan da ake kira taminal, inda ba hoto ba linzami, sai dai ka rubuta umarni ka danna Enter. Da yawanmu muna gudunsa kamar mun ga maciji. Ni kuwa a ganina rashin sanin asalinsa ne ya sa yake ba mu tsoro. Duk wanda ya san yadda aka yi aka gina shi, da irin matsin da maginan suke ciki a lokacin, zai ga cewa kusan kowane gajeren umarni da ke cikinsa yana da dalili.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ranar 9 ga Satumba, 1941, a garin Bronxville da ke jihar Niyok a Amurka. Ya tashi a garin Summit na jihar New Jersey, a can ya yi sakandare. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, ma'aikaci ne a Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin tarho na AT&T, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta wani littafi a kan tsara da'irorin lantarki na musayar kiran tarho. Wato dai yaron ya buɗe ido ne a gidan da ake hirar waya da lissafi.

Ya shiga Jami'ar Harvard, ya kammala digirinsa na farko a kimiyyar fiziks a 1963, sannan ya ci gaba da karatun gaba da digiri a fannin lissafi. Daga baya shi da kansa ya riƙa faɗa cikin raha cewa karatun farko ya nuna masa ba shi da kaifin da zai zama masanin fiziks, na biyun kuma ya nuna masa ba zai yi fice a zurfin nazarin lissafi ba, amma ya gano kwamfuta tana burge shi. Irin halinsa ke nan, ba ya kai kansa inda bai kai ba, sau da yawa ma rage wa kansa yake yi.

Akwai wani abu a tarihinsa da ya kamata mu 'yan ajin ƙarshe mu ji. A 1968 ya gama rubuta kundin digirinsa na uku. Abin da ya rage kawai shi ne ya miƙa wa ɗakin karatun jami'a kwafi mai bango, kamar yadda doka ta tanada. Bai miƙa ba, saboda haka ba a taɓa ba shi takardar digirin ba. Sai a 2020, shekara tara bayan mutuwarsa, Gidan Tarihin Kwamfuta da ke Kalifoniya ya fito da kwafin kundin ga jama'a. Kada wani ya ɗauki wannan hujja fa. Shi ya riga ya samu aiki tun 1967, kai kuwa idan ba ka kai furojet ɗinka wurin masu bango ka miƙa wa sashe ba, difloma sai dai ka ganta a hannun wasu.

Bell Labs da rushewar Multics

A 1967 ya fara aiki a Bell Labs, a harabarsu da ke Murray Hill, kuma a nan ya zauna har ya yi ritaya bayan shekara 40. Kwamfuta a wancan zamanin daban take da wadda muka sani. Injin ne mai cika ɗaki, kana huda shirinka a jikin katuna, ka miƙa wa ma'aikaci, ka tafi ka dawo bayan awanni ka karɓi sakamako. Idan ka manta waƙafi ɗaya, sai ka sake bin layi.

Don magance wannan ne Bell Labs da jami'ar MIT da kamfanin General Electric suka haɗa hannu a kan wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta mai suna Multics, wadda za ta ba mutane da yawa damar aiki da inji ɗaya a lokaci guda, kowa da nasa madannai. Ritchie da Thompson suna cikin masu aikin. Tunanin yana da kyau, amma aikin ya yi girma, ya ci kuɗi, ya ƙi ƙarewa. A 1969 Bell Labs ta janye.

Su kuma samarin sun riga sun ɗanɗana daɗin zama gaban inji ka rubuta ya amsa maka nan take, ba sa son komawa zamanin katuna. Sun roƙi shugabanninsu a sayo musu sabuwar kwamfuta, aka ƙi. Wanda ya ƙone a Multics ba ya son jin zancen wata babbar manhaja kuma. A wannan tsakanin Thompson da Ritchie da Rudd Canaday suka riƙa zana tsarin adana fayiloli a kan allo da guntayen takardu. Shi Thompson yana da wani wasan kwamfuta da ya rubuta, na tuƙa kumbo tsakanin duniyoyi, mai suna Space Travel, wanda buga shi sau ɗaya a babbar kwamfutar kamfanin yake cin kimanin dala 75. Sai ya ci karo da wata ƙaramar kwamfuta PDP-7 da aka yasar a gefe, shi da Ritchie suka mayar da wasan kanta. A bazarar 1969, da matar Thompson ta tafi Kalifoniya da jaririnsu ziyarar dangi, ya samu 'yan makonni shi kaɗai, ya rubuta kashin bayan sabuwar manhaja a kan wannan tsohon injin. A 1970 aka raɗa mata suna Unix, kuma Brian Kernighan ake jingina wa sunan, tsokana ce ga Multics.

Sabuwar kwamfutar ma da dabara suka same ta. Sun ce za su gina wa kamfanin tsarin buga takardu, aka sayo musu PDP-11 a 1970. Sashen da ke rubuta takardun mallakar fasaha na Bell Labs ne suka zama masu amfani da Unix na farko, masu buga tafireta guda uku. Ƙwaƙwalwar injin kilobait 24 ce kacal: 16 na manhajar, 8 na shirin mai aiki. Hoto ɗaya da ka turo a guruf ɗin aji ya ninka wannan sau da yawa.

Dalilin gajerun sunaye

A nan ne tarihi ya haɗu da abin da muke gani a lab. Su Ritchie ba su da allo irin namu. Abin da suke rubutu da shi wata na'ura ce mai kama da tafireta, Teletype, wadda ke buga amsar kwamfuta a kan takarda, harafi 10 a daƙiƙa ɗaya, ga madannai masu tauri. Duk harafin da ka ƙara, lokaci ne da takarda da ciwon yatsa. Shi ya sa umarnin jera fayiloli ya zama ls, na kwafa ya zama cp, na matsarwa ko sauya suna ya zama mv, na gogewa ya zama rm. Shi ya sa kuma idan umarni ya yi nasara, yawanci ba ya cewa komai, sai dai ya dawo maka da layin jira. Sabon shiga yakan ɗauka injin bai ji shi ba, alhali shirun nan shi ne alamar komai ya tafi daidai. Har yau idan ka buɗe taminal a Linux ka rubuta tty, zai gaya maka sunan tagar da kake ciki, kuma kalmar gajarta ce ta sunan waccan tsohuwar na'urar.

Tsarin foldar da muka saba da shi, folda cikin folda kamar reshen bishiya da ya faro daga saiwa guda, shi ne wanda suka zana a allo. Umarnin pwd yana gaya maka inda kake, cd yana kai ka wani wuri, cd .. yana hawa da kai mataki ɗaya sama, cd - kuma yana mayar da kai inda ka baro yanzu. Gudummawar da Ritchie ya ce yana ganin tasa ce a wannan tsarin ita ce a ɗauki na'urori ma a matsayin fayiloli. Faifan ajiya, na'urar buga takarda, tagar da kake rubutu, duk suna da suna a cikin foldar /dev, ana karanta su ana rubuta musu kamar kowane fayil. Amfaninsa shi ne mai rubuta shiri ba ya buƙatar koyon hanya daban ga kowace na'ura.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1971, shi da Thompson suka fitar da littafin jagorar Unix na farko, kowane umarni da shafinsa: sunansa, yadda ake kiransa, abin da yake yi, har da wani sashe da ke lissafa kurakuransa da aka sani. Wannan tsarin yana nan. Rubuta man ls ka gani, idan ka gama ka danna q ka fita. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya cin data ko kaɗan, yana cikin injinka ko da netwok ya ɗauke.

Yaren C

Unix ta farko da yaren inji aka rubuta ta, wanda ya keɓanta da nau'in kwamfuta ɗaya. Idan aka sauya inji, sai a sake rubuta komai daga farko. Thompson ya ƙirƙiri wani ƙaramin yare mai suna B, wanda ya tsamo daga BCPL na Martin Richards, amma B bai san bambanci tsakanin harafi da lamba ba, komai a wurinsa abu ɗaya ne, kuma hakan bai dace da PDP-11 ba. Tsakanin 1971 da 1973 Ritchie ya zauna a kansa, ya sa masa nau'o'in bayanai, irin su int da char ɗin da malamanmu suka sa mu haddace, ya ƙara masa hanyar haɗa bayanai daban-daban a dunƙule guda, ya rubuta manhajar da ke fassara shi zuwa yaren inji. Abin da ya fito shi ne C.

A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da C. A lokacin yawancin masana suna ganin babbar manhaja sai da yaren inji, in ba haka ba za ta yi nauyi. Su Ritchie suka nuna ba dole ba ne. Zuwa 1977 da 1978, Ritchie da Steve Johnson sun ɗauke Unix sun dasa ta a kan wata kwamfuta ta wani kamfani dabam, Interdata 8/32. Daga nan manhaja ta daina zama baiwar inji guda. Wannan shi ne babban abin da ya bari, domin shi ya sa yau manhaja mai tsari iri ɗaya take tafiya a waya, da laftof, da na'urar rarraba intanet da ke maƙale a bangon laburare.

A 1978 shi da Kernighan suka wallafa littafin The C Programming Language, siriri, bai kai shafi 300 ba. Bugu na biyu ya fito a 1988, a 1989 kuma aka tsayar wa yaren ƙa'ida a hukumance a Amurka. Al'adar fara koyon kowane yare da ɗan shirin da ke gaida duniya, wannan littafin ne ya yaɗa ta. C++ da Java da JavaScript da C# duk sun gaji kamanninsa, shi ya sa idan ka iya C sauran ba sa yi maka baƙunta. Python ɗin da kowa ke so a yanzu ma, babbar manhajar da ke gudanar da shi da C aka rubuta ta.

Bututu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa Ritchie komai. Shi kansa kullum Thompson yake turawa gaba idan ana zancen Unix. Shugaban sashensu, Doug McIlroy, tun 1964 yake da tunanin a riƙa jona shirye-shirye kamar yadda ake jona tiyon ban ruwa. Ya yi ta naci har Thompson ya aiwatar a 1973. Alamar ita ce tsayayyen layin nan |, ana ce masa bututu. Abin da umarnin hagu ya fitar, shi ne na dama zai karɓa.

Daga nan falsafar gidan ta fito fili: kowane kayan aiki ya yi abu ɗaya ya iya shi, sannan ya yarda a jona shi da wani. Bari in ba da misalin da ya shafe mu. A ce sakataren ƙungiyar ɗalibai yana da fayil mai suna dalibai.csv, da suna da lamba da jiha a kowane layi, an raba su da waƙafi, kuma ana so a san mutum nawa suka fito daga kowace jiha. Ga layi ɗaya:

cut -d, -f3 dalibai.csv | sort | uniq -c | sort -rn

Na farko ya yanko ginshiƙi na uku, na biyu ya jera shi bisa haruffa, na uku ya ƙirga masu maimaituwa, na huɗu ya sa mafi yawa a sama. Babu ɗaya a cikinsu da aka rubuta don ƙirga ɗalibai, amma da aka jona su sun yi aikin kafin ka ɗauke yatsa, ko layukan 50 ne ko 50,000.

Haka grep, wanda Thompson ya rubuta don neman kalma a cikin fayiloli. Idan ka manta a wane fayil ka rubuta wani aiki a cikin furojet ɗinka, grep -rn "kalmar" . zai bincike foldar da duk abin da ke ƙarƙashinta, ya ba ka sunan fayil da lambar layi. Idan laftof ta cika ba ka san abin da ya cinye wurin ba, du -sh * | sort -h zai jera maka komai daga ƙarami zuwa babba. Idan kana son sakamako ya shiga fayil maimakon allo, sa > da sunan fayil a ƙarshe. Ka kula dai, > guda yana share abin da ke ciki ya rubuta sabo, >> biyu ne ke ƙarawa a ƙasa.

Yadda ta fita duniya

A watan Oktoba na 1973 Ritchie da Thompson suka gabatar da Unix a wani taron masana, aka buga takardar a mujallar ƙungiyar ACM a watan Yulin 1974. Nan da nan jami'o'i suka fara nema. Sa'ar da aka yi ita ce, wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi kasuwanci a wajen harkar sadarwa. Don haka ya riƙa ba jami'o'i lasisi a kan kuɗi kaɗan, tare da ainihin rubutun manhajar. Ɗalibai suka samu abin da za su buɗe cikinsa su karanta su gyara.

Yawancin abubuwan da ke sa taminal daɗi a yau daga hannun irin waɗannan mutanen suka fito. Manhajar da ke karɓar umarninka ta miƙa wa zuciyar Unix ana ce mata shel, wato ɓawo, kuma tun farko aka gina ta a matsayin shiri kamar kowane shiri, wanda ba ya so yana iya sauya ta. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wani ɗalibi, Bill Joy, ya rubuta tasa a ƙarshen shekarun 1970, ya sa mata tuna umarnin baya da laƙabi. Stephen Bourne ya fitar da tasa a Bell Labs a 1979. Brian Fox ya rubuta Bash a 1989, wadda yawancinmu muke amfani da ita. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara Linux, da yaren C, a bisa tsarin Unix. Sa'anmu ne a lokacin. Android a kan zuciyar Linux take, manhajojin Apple kuma ta reshen Berkeley suka gangaro.

Gyara wurin zamanka

Tunda shel shiri ne da ake iya sauyawa, kowa na iya gyara tasa yadda yake so. A Bash akwai ɓoyayyen fayil a foldarka ta gida mai suna .bashrc, wanda ake karantawa duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga. Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ba sa fitowa sai ka rubuta ls -a. Buɗe shi da nano ~/.bashrc ka ƙara layuka irin waɗannan a ƙasa:

alias ll='ls -lh'
alias rm='rm -i'
alias aiki='cd ~/furojet'
PS1='\w \$ '

Na farko ya ba dogon umarni gajeren laƙabi. Na biyu yana sa rm ya tambaye ka kafin ya goge, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a taminal babu kwandon shara, abin da rm ya ɗauke ya tafi ke nan. Na uku yana kai ka foldar furojet da kalma ɗaya. Na huɗu yana sa layin jira ya riƙa nuna foldar da kake ciki kawai. Idan ka adana, rubuta source ~/.bashrc don gyaran ya fara aiki.

Sai halaye uku da ke rage wahala. Rubuta farkon sunan fayil ka danna Tab, shel za ta ƙarasa maka. Danna kibiyar sama don dawo da umarnin da ka rubuta a baya, ko Ctrl da R tare ka rubuta guntun abin da ka tuna, za ta lalubo maka shi. Idan shiri ya maƙale, Ctrl da C yana tsayar da shi. Ga masu sauke manyan fayiloli da netwok ɗinmu mai zuwa da tafiya, wget -c da adireshin fayil yakan ci gaba daga inda ya katse maimakon ya faro daga farko, muddin shafin ya yarda da hakan.

Akwai kuma wani ɗan abu da ya fito daga hannun Ritchie kai tsaye. A 1980 ya sa Unix ta riƙa duba farkon fayil, idan ta ga alamar #! sai ta san da wane shiri za ta gudanar da shi. Da wannan kake mayar da tarin umarni su zama umarni guda naka na kanka. Rubuta waɗannan layuka biyu a fayil mai suna ajiye:

#!/bin/sh
cp -r ~/furojet ~/furojet-$(date +%F)

Sannan ka rubuta chmod +x ajiye. Duk ranar da ka kira ./ajiye, zai yi maka kwafin furojet ɗinka mai ɗauke da kwanan watan ranar. Idan ka sauya wurin ajiyar zuwa filasha, ya fi. Kowace shekara sai mun ji labarin wanda aikinsa na wata shida ya salwanta ana saura mako guda a kare furojet, ko laftof ta mutu, ko an ɗauke ta a hostel. Layi biyun nan sun isa su raba mutum da wannan kukan.

Wanda ba shi da Linux ma ba shi da uzuri. Windows 10 da 11 suna da WSL, wanda ke ba ka Linux a cikin Windows. Mai Mac yana da taminal tun daga kamfani, sai dai tun 2019 shel ɗinsa Zsh ce, fayil ɗin gyaranta kuma .zshrc. Wanda ba shi da laftof gaba ɗaya yana iya sa Termux a wayarsa ta Android ya gwada yawancin abin da na lissafa. Tsohuwar laftof ɗin da ke nishi idan an buɗe manyan manhajoji kuwa, a taminal ba ta da wata matsala, don an gina kayan ne a kan injin da bai kai ta ko kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙarshen rayuwarsa

Ritchie bai buɗe kamfani ba, bai zama attajirin da ake lissafawa ba. Yana da takardar mallakar wata dabara ta tsaro a Unix, wadda ke ba ƙaramin mai amfani damar yin wani keɓaɓɓen aiki, kamar sauya kalmar sirrinsa, ba tare da an damƙa masa ikon injin duka ba, kuma an sakar wa jama'a ita kyauta. Ya ci gaba da zuwa ofis, ya shugabanci sashen da ya yi manhajojin Plan 9 da Inferno, ya yi ritaya a 2007. A duniyar masu shirye-shirye an fi saninsa da haruffa uku na sunan shigarsa kwamfuta, dmr.

Karramawa ta zo masa, kusan kullum tare da Thompson: lambar Turing a 1983, wadda ita ce mafi girma a fannin kwamfuta, lambar fasaha ta ƙasa da Shugaba Bill Clinton ya miƙa musu a 1999, da lambar Japan a 2011. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da ciwon daji na prostate da ciwon zuciya. Ranar 12 ga Oktoba, 2011, aka same shi ya mutu a gidansa da ke Berkeley Heights a New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai, yana da shekara 70. Mako guda ke nan da mutuwar Steve Jobs, duniya tana cikin wancan makokin, labarin nasa bai yi ƙara ba. Abokin aikinsa Rob Pike ne ya fara sanarwa. Masu sana'arsa dai sun san wanda suka rasa, shi ya sa aka sadaukar masa da fitowar Fedora 16 da ta FreeBSD 9.0.

Mu da muke shirin fita, mun ga yadda kasuwar aiki take. Masu iya danna linzami sun yi yawa. Wurin da ake kula da sabobi, ko netwok, ko tsaron bayanai, yawanci injin da za a ba ka ba shi da hoto ko ɗaya, layin jira ne kawai yana ƙyafta maka ido. Ƙannenmu na ajin farko, ku kuna da lokacin da mu ya ƙure mana. Kada ku jira sai an sa shi a jarrabawa. Ku buɗe taminal yau, ku fara da pwd da ls da cd, ku riƙa ƙara umarni ɗaya kowace rana, duk wanda ya shige muku duhu ku sa man a gabansa ku karanta shafinsa. Kafin ƙarshen zango za ku fara jona su da bututu da kanku.